Daga Sanyin Jos Zuwa Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Jera Kayan Sanyi Hawa Uku

Da zarar watan Nuwamba ya kama, 'yan gwanjon kasuwar Katako da na kewayen Taminus a Jos sukan fara ganin masu saye da suka bambanta da waɗanda suka saba. Waɗannan ba suwaitar yara suka zo nema saboda hunturu ba. Ɗalibai ne da suka samu gurbin karatu a Kanada, Rasha, Sin ko Turkiyya, da ma'aikatan da za a tura kwas Turai, da iyalai daga Abuja masu shirin kai yara hutun ƙarshen shekara inda za su taɓa dusar ƙanƙara da hannunsu, ko da ta cikin gini ce irin ta Ski Dubai. Da yawansu suna riƙe da jerin kaya a waya wanda makaranta ko kamfanin tafiye-tafiye ya turo, jerin kuma cike yake da lambobi: riga mai 200, jaket mai 10,000, wata mai 700. An ce kaya su zama hawa uku. An ce kada a kuskura a sa auduga. Mai rumfa kuwa, iya gaskiyarsa, zai ɗago jaket mafi nauyi a wurinsa ya ce wannan ko Mosko aka je da ita an gama magana.

Ana cikin wannan sai ga labarin doka. A watan Fabrairun 2025 Faransa ta zartar da dokar da ta haramta ƙerawa, shigowa, fitarwa da sayar da tufafin da ke ɗauke da sinadaran da ake kira PFAS, daga ranar 1 ga Janairun 2026. Sinadaran nan su ne aka daɗe ana shafa wa jaket don ruwa ya zame a kanta. Mai shirin tafiya sai ya fara tambayar kansa ko jaket ɗin da ya saya za ta zame masa laifi a filin jirgi. Kafin a kai ga dokar, sai an fahimci abin da kowane hawa na kayan yake yi, domin a nan ne yawancin kuɗi ke salwanta.

Sanyin Jos daban, na ƙanƙara daban

Mutumin Jos yana da hujjar ganin ya san sanyi. Garin na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a daren Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Amma sanyin hunturu busasshe ne, kuma galibi a zaune ake shan sa: a teburin mai shayi, a sahun Asuba, a bayan babur na 'yan mintuna. Maganinsa shi ne a jibga kaya masu kauri, a matso kusa da kaskon wuta. Dabarar tana aiki, don babu abin da ke jiƙa kayan.

Tufafi ba su ƙirƙirar ɗumi. Jiki ne ke samar da shi, kwatankwacin ƙwan fitila mai wat 100 idan mutum na zaune, ya kuma ninka sau biyar ko fiye idan yana aiki mai ƙarfi. Aikin tufafi shi ne su tsare iska a kusa da fata, domin iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Ruwa kuwa yana janye zafi kusan ninki 25 fiye da iska. Duk lokacin da ruwa ya maye gurbin iskar da ke cikin zaren riga, rigar ta tashi daga bargo ta koma jiƙaƙƙen tsumman da ake ɗora wa mai zazzaɓi a goshi.

A wasan zamiya kan ƙanƙara, wanda ake ɗaura dogayen alluna a ƙafa a gangaro daga kan dutse, ruwan nan ta fuska biyu yake zuwa. Daga waje akwai dusar da ke narkewa a gwiwa da mazaunai duk lokacin da aka faɗi, ɗan koyo kuwa faɗuwa ce rabin aikinsa. Daga ciki akwai gumi, wanda shi ne mutane ba sa tsammani. Ɗan koyo zai faɗi, ya yi kokawar tashi da takalma masu nauyi, ya tattaka gefe-gefe ya hau gangare, cikin rabin sa'a bayansa ya jiƙe sharkaf duk da ana digiri 8 ƙasa da sifiri. Daga nan sai ya hau kujerar da ke rataye a igiyar ƙarfe, wadda ke ɗaukar 'yan wasa zuwa saman dutse, ya zauna minti goma ba motsi, ƙafafu na reto, iska na dukansa ta ko'ina. A kan kujerar nan ne haƙora ke fara kaɗawa. Injin jiki ya koma ƙasa, rigar ciki kuma jiƙe take.

Iskar ma da lissafinta. Idan ana digiri 10 ƙasa da sifiri, iska kuma na gudun kilomita 30 a sa'a, fata za ta ji kamar digiri 20 ƙasa da sifiri. Mai gangarowa da gudu shi ke ƙirƙirar wa kansa wannan iskar ko da gari ya yi tsit. Sai tsayi: a matsakaici, duk hawan mita 1,000 yana rage kusan digiri 6 da rabi. Wanda ya taso daga Abuja ta Akwanga ya san inda ake fara ɗaga gilashin mota a Hawan Kibo. Haka abin yake a can. Birnin Kayseri na Turkiyya bai kai tsayin Jos ba, amma filin wasan dutsen Erciyes da ke kusa da shi daga sama da mita 2,000 ya fara. Hasashen yanayin da waya ke nunawa na cikin gari ne, ba na kan dutse ba.

Saboda jiki na sauyawa tsakanin zufa da sanyi sau da yawa a yini guda, aka raba aikin gida uku: rigar da ke manne da fata ta kwashe gumi, ta tsakiya ta tsare ɗumi, ta waje ta tare iska da ruwa. Jaket guda mai nauyi zaɓi biyu kawai take bayarwa, a sa ko a cire.

Hawa na farko: rigar da ke manne da fata

Wannan ce mafi ƙanƙanta a cikin kayan, kuma ita ce ta fi yanke hukunci. Riga ce mai dogon hannu da wandonta mai kama jiki. Auduga, wadda 'yan kasuwa ke cewa kotin, ba ta dace da wannan wuri ba saboda halin da ya sa ake son ta a zafin Abuja: tana shan gumi, ta riƙe shi, ta daɗe ba ta bushe ba, tana sanyaya fata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayi rigar da ta dace, sannan saboda sabo ya sa singiletin kotin a ƙarƙashinta. Ya rushe tsarin gaba ɗaya, don singiletin ce ke taɓa fata. Haka batun gajeren wando na ciki, da shimi da rigar mama ga mata. Wandon jins kuwa idan ya jiƙe daskarewa yake yi, ya sandare kamar kilishi.

Zaɓin na gaske tsakanin abu biyu ne, kuma masu wasan kansu ba su daina jayayya a kai ba.

Na farko gashin tumakin merino. Asalin tumakin daga Sifaniya ne, yanzu kuma Ostireliya da New Zealand ne suka fi shahara da kiwonsu. Abin da ya raba gashinsu da na sauran tumaki shi ne siranta. Na rigunan ciki yakan kasance tsakanin maikiron 17 zuwa 19 (maikiron ɗaya kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali gashin da ake saƙa barguna da shi yana haura 30, shi ya sa wancan ke susar fata wannan kuma ba ya yi. Zaren yana iya shanye laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe, kuma ko ya ɗan jiƙe ba ya yin sanyi ƙarara a fata. Ba ya saurin wari, ana iya sa riga ɗaya kwana uku ko huɗu idan ana shanya ta da dare. Masu sukarsa suna kawo abu uku, kuma duk gaskiya ne: tsada, jinkirin bushewa idan ya jiƙe sosai, da saurin hudewa a gwiwar hannu da inda jaka ke goga. Saboda hudewar ne kamfanoni da yawa ke gauraya shi da ɗan nailan.

Na biyu zaren roba, wato foliyesta da danginsa. Kamfanin Helly Hansen na Norway ne ya yi suna da irin waɗannan riguna tun shekarun 1970. Foliyesta kusan ba ya shan ruwa, abin da yake riƙewa a cikin zaren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gumin yana bin tsakanin zare ya fita zuwa rigar da ke sama. Yana bushewa da wuri, yana jure wanki, yana da araha. Laifinsa wari: yini ɗaya ya isa abokan ɗaki su sani. Kuma da an tsaya cak ana jin sanyi da sauri fiye da mai merino.

Idan aka auna, mai yawan gumi da mai wasan da ba a hutawa a cikinsa sun fi cin ribar roba. Misali tseren dogon zango da ake tura kai da sanduna a fili, irin wanda Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a cikinsa a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022. 'Yan wannan wasa kayansu sirara ne ƙwarai ko da ana tsananin sanyi. Mai saurin jin sanyi, da wanda zai yini yana hawa kujera yana gangarowa, da wanda ba zai samu damar wanki kullum ba, merino ya fi musu. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya damu: rigar motsa jiki mai dogon hannu ta foliyesta, irin wadda 'yan ƙwallo ke sawa a ƙarƙashin jesi, tana cike gurbin, kuma tana nan jibge a gwanjo.

Lambar 150, 200 ko 250 da ake gani nauyin yadin ne, giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Mai 150 sirara ce, ta rana mai sauƙi ko aiki mai zufa. Mai 200 ita ce tsaka-tsaki, kuma wanda zai sayi guda ɗaya tak ita ya kamata ya ɗauka. Mai 250 zuwa sama ta ranar muku-muku ce ko ta wanda zai fi tsayuwa kallo. Sayen mafi kauri don gudun sanyi yakan jawo an gudu ba a tsira ba, domin ƙarin gumi take haifarwa.

Ɗinkin ma yana da muhimmanci. Dole rigar ta kwanta a fata, don yadin da bai taɓa gumi ba ba zai kwashe shi ba, amma kada ta matse har ta bar shaida a hannu. Ta zama mai tsawon da za a cusa cikin wando ba ta zame ba idan an sunkuya. Mai ɗan zif a wuya ta fi, saboda ana buɗewa a sha iska. Wandon kuwa gara mai tsayawa a tsakiyar ƙwauri. Takalmin zamiya tauri gare shi kamar kwano, yana kuma kama ƙwauri tam. Duk wata tattara ko ɗinki da ya shiga ciki, kafin azahar ya zama ciwo.

Akwai ruɗani guda da harshe ke jawowa. A kasuwanninmu duk zaren saƙa ulu ake ce masa, alhali mafi yawansa akirilik ne, roba ce da aka yi wa kamannin gashi. Mai rumfa ba ƙarya ya yi ba idan ya ce suwaita ta ulu ce. A duba ƙyallen da ke ɗinke a gefen ciki, inda ake rubuta kason kowane zare. Idan ya goge, a zare ɗan silin zare daga cikin ɗinki a kusanta shi da ashana: gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, kamar babbakar kan rago, tokarsa kuma tana murƙushewa. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Auduga tana ci kamar takarda. Rigunan ciki masu laushi da aka yi don zaman ofis, waɗanda aka gauraya da rayon, suna da kyau a aji da cikin gari, amma suna riƙe laima fiye da yadda wasa ke buƙata.

Hawa na biyu: mai tsare ɗumi

A nan ne ake ƙari da ragi gwargwadon ranar. Abin da aka fi amfani da shi filis ne, yadin foliyesta mai gashi-gashi irin na bargon jarirai, wanda masaƙar Malden Mills ta Amurka ta fito da shi wajen 1980. Yana barin gumi ya wuce, yana bushewa da wuri, iska kuma tana ratsa shi kamar rariya, don haka ba ya tsayawa shi kaɗai.

Sai jaket mai kumburi. Wadda aka cusa wa lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya ita ce ta fi kowace ɗumi idan aka kwatanta da nauyinta. Lambar 550, 700 ko 800 da ke jikinta tana nuna yadda gashin ke kumbura ne, ba yawan gashin da aka zuba ba, shi ya sa mai 600 da aka cika da kyau za ta iya fin mai 800 sirara ɗumi. Rauninta ruwa: da ta jiƙe gashin ya dunƙule, ɗumin ya tafi, ta kuma daɗe ba ta dawo ba. Wadda aka cusa wa audugar roba ta fi nauyi kaɗan amma tana aiki ko da laima. Ga ɗan koyo mai gumi da faɗuwa, filis ko audugar roba sun fi aminci. Mai gashin agwagwa a bar ta don yawo cikin gari da lokacin hutu.

Ƙiyasin da aka saba bi, wanda kowa zai gyara daidai jikinsa: daga sifiri zuwa 5 ƙasa da shi, rigar ciki da filis siriri da jaket. Daga 5 zuwa 15 ƙasa da sifiri, filis mai kauri ko jaket mai kumburi sirara. Idan aka doshi 20, a haɗa biyun. Ƙa'idar masu hawan dutse ita ce mutum ya fito yana ɗan jin sanyi. Wanda ya ji ɗumi sarai a bakin ƙofa, nan da minti goma sha biyar zai jiƙe. A buɗe zif kafin gumi ya karyo, a rufe kafin a hau kujera.

Hawa na uku, da abin da dokar ta taɓa

Jaket da wandon waje suna da kariya iri biyu, kuma rashin bambance su ne ke kawo ruɗanin dokar. Ta farko wata fata ce sirara da aka manna a cikin yadin, mai ƙananan ƙofofin da ɗigon ruwa ba ya iya shiga amma tururin gumi yana fita. Gore-Tex ce ta fi suna, daga abin da Bob Gore ya gano a 1969. Ta biyu shafe ne a saman yadin, wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Lambar 5,000, 10,000 ko 20,000 tana nuna tsayin ruwa a milimita da yadin zai iya ɗauka kafin ya fara yoyo. Lamba ta biyu da ke biye da ita giram nawa ne na tururi ke fita ta murabba'in mita a sa'o'i 24. Mai 10,000 a duka biyun ta ishi mai hutun mako guda. Mai 5,000 za ta jiƙe a mazaunai idan aka zauna kan jiƙaƙƙiyar kujera. A duba kuma a ga an liƙe ɗinkunan ciki da tef, akwai zif a hammata, hular kuma tana hawa kan hular kwano.

Shekaru da dama, shafen saman da ita kanta fatar a jaket masu yawa da sinadaran PFAS ake yin su. Rukuni ne mai dubban sinadarai da ba sa ruɓewa cikin sauƙi, suna taruwa a ruwan sha da jinin mutane, an kuma danganta wasu daga cikinsu da cutar koda, matsalar garkuwar jiki da wasu nau'o'in daji. Faransa ba ita ta fara ba. Jihohin California da New York na Amurka sun hana sayar da yawancin tufafi masu sinadaran tun farkon 2025, hukumar wasan zamiya ta duniya, FIS, kuma ta hana kakin da ake goga wa allunan zamiya mai irin sinadaran daga kakar 2023 zuwa 2024. Dokar Faransa ta haɗa da kakin, da kayan kwalliya da takalma, ta keɓe kayan kariya irin na 'yan kwana-kwana, za ta kuma faɗaɗa zuwa sauran yadudduka a 2030.

Masu goyon bayan dokar suna cewa babban haɗarin yana wurin masana'anta da juji ne, inda sinadaran ke shiga ruwa, kuma ɗan wasan hutu ba ya buƙatar kariyar da ta kai ta mai kashe gobara. Masu ƙorafi, ciki har da wasu masu aiki a tsaunuka, suna cewa sabon shafen ba ya daɗewa kamar tsohon. Ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya: sabon yana tare ruwa, amma ba ya ture maiƙo. Man jiki, man shafawa da datti suna kashe shi da wuri.

Ga matafiyi, dokar kan masu ƙerawa da masu sayarwa take, ba ta hana mutum sa jaket ɗinsa ba. Abin da ya canza a aikace shi ne kulawa. Sabuwar jaket tana son wanki akai-akai da ɗan zafin injin busarwa don shafen ya farfaɗo, a kuma sake fesa mata maganin tare ruwa idan ɗigo ya daina gangarewa. Idan saman yadin ya jiƙe ya yi duhu, tururi ba ya fita, mutum sai ya jiƙe da guminsa ya ɗauka jaket ɗin ce ke yoyo.

Hannu, ƙafa, kai

Safa biyu ko uku a cikin takalmin zamiya kuskure ne da kusan kowane baƙo ke yi. Suna matse ƙafa, jini ya ragu, yatsu su fi yin sanyi. Safa ɗaya tak a kowace ƙafa, ta merino ko roba, mai kaiwa gwiwa, marar kauri sosai, a ja ta ta miƙe ba tattara. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi, domin yatsun suna ɗumama juna. A sa sirara a ciki saboda lokacin ɗaukar hoto, kuma a riƙe ta canji, musamman ga yara.

Maganar cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita ba ta inganta ba, abin bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba ga babba. Amma kunne, hanci da kumatu su ne kan gaba wajen daskarewa. Hular sanyi mai tuntu ba ta shiga ƙarƙashin hular kwano, sai sirara mai kama kai. Ga mata, hijabi ƙarami na foliyesta ko merino da ake zurawa, a cusa gefensa cikin jaket, yana yin aikin biyu. Ɗankwalin kotin a ƙarƙashi zai jiƙe. Gyale, dogon hijabi mai yawo da rawani mai jela suna iya maƙalewa a kujera ko igiyar da ke jan masu wasa zuwa sama, don haka mazurarin wuya mai kama da hannun riga ya fi, jaket mai saukowa cinya kuma tana samuwa.

Tabarau ba ado ba ne. Sabuwar dusa tana mayar da hasken rana mai ƙuna har kusan kashi 80 cikin 100, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Ciwon sai dare yake tashi, kamar an zuba yashi a idon. Basilin da man kaɗe da muka dogara da su a hunturu suna hana kaushi da fashewar leɓe, amma binciken da aka yi a kan sojojin Finland ya nuna shafa mai a fuska ba ya hana daskarewar fata. Rufewa ce ke hanawa.

Alwala a yi ta cikin gini, a tsane hannu, fuska, gemu da tsakanin yatsun ƙafa sarai kafin a mayar da safa. Batun shafa a kan safa akwai saɓanin malamai, Malikiyya sun shardanta huffin fata, saboda haka a tambayi malami tun kafin tafiya.

A saya a gida ko a bari sai an isa

Filis, wandon waje, rigunan foliyesta, har da merino idan an dace da ranar buɗe dila, duk ana samunsu a Katako ko a kasuwar Karmo ta Abuja da kuɗin da bai kama ƙafar na shagunan Turai ba. Jaket ta waje ce ke son ido. A juya cikinta: idan tef ɗin ɗinki yana ɗagowa, ko wani farin gari yana zubowa daga wuya da kafaɗa, fatar ta mutu, kuma ba ta gyaruwa. A ɗiga ruwan leda a kafaɗa a gani ko zai gangare. Rigar merino a ɗaga ta a rana, hudar asu za ta bayyana. A gwada jaket a kan filis, a ɗaga hannu sama a ga ko ciki ya buɗe.

Mai hutun kwana uku bai kamata ya sayi komai da komai ba. Takalma, alluna da hular kwano haya ake bayarwa a filayen wasa, wurare da yawa har da jaket da wando. Abin da ba a haya shi ne na jikin fata: rigar ciki biyu, safa biyu ko uku, safar hannu. Ɗalibin da zai shekara huɗu a Kanada ya tafi da hawa na farko da na biyu daga gida, ya sa wata jaket a jiki don sauka daga jirgi, babbar kuma ya saye ta can bayan ya ga irin sanyin garin, ya fi dacewa a ƙarshen lokacin sanyi sa'ad da ake karya farashi.

Kada a miƙa kayan nan ga mai wanki da guga ba tare da bayani ba. Dutsen guga mai gawayi yana narka foliyesta nan take, ruwan zafi da murza suna sa merino ya tsuke ya koma na ƙane. Ruwa mai digiri 30, sabulu marar ƙarfi, ba bilic, ba sitati, ba ruwan laushin kaya mai ƙamshi, domin yana toshe zaren. Merino a shimfiɗe ake shanya shi a inuwa, idan za a ajiye kuma a wanke tukuna a rufe a leda saboda asu.

Idan sanyin ya riga ya shiga

Masu cutar sikila su ga likita kafin tafiya, don sanyi, tsayin dutse da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, ga shi kuma a cikin sanyi ba a jin ƙishi. Masu asma su rufe baki da hanci, busasshiyar iska mai sanyi tana tayar da ita.

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, alamun su ne karkarwa, harɗewar harshe, kasa jan zif, da ruɗewa. Wanda ya daina karkarwa alhali bai ji ɗumi ba, halinsa ya tsananta. A shigar da shi gini, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai, a ba shi shayi mai sukari idan yana cikin hayyacinsa. Daskarewar fata a jikin baƙi ba lallai ta yi fari fat ba: wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ba a murza wurin, ba a kanga shi a wuta ko hita, tunda fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. A tsoma cikin ruwa mai digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya ke jin sa da ɗumi kawai, na kusan rabin sa'a. Idan akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a isa asibiti, kada a narkar da shi tukuna. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya 112 ce, a Amurka da Kanada 911, kowane filin wasa kuma yana da lambar masu sintirinsa a jikin taswirar da ake bayarwa a wurin sayen tikiti.